Tarihinmu: Mustapha Alasan, Makanikin Da Ya Sa Zane Ya Yi Tafiya

Mu da ke Vom, tafiya kaɗan ce tsakaninmu da Jos, mazaunin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya wadda aka kafa a 1979. Amma 'yan kaɗan ne cikinmu suka taɓa jin sunan Mustapha Alasan na Nijar, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka.

An haife shi a 1942. Kanikanci ya fara koya, kuma tun yana yaro yakan yanka kwali ya haska shi da fitila, mutanen gari su taru suna kallon inuwa tana wasa. A Yamai ya haɗu da Bafaranshe Jean Rouch, wanda ya taimaka masa ya tafi Kanada, inda ya ga aikin Norman McLaren. Aikin na masu haƙuri ne, domin daƙiƙa ɗaya ta fim tana cin hoto 24, ana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya.

Fim ɗinsa na farko, Aure, ya fito a 1962. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, labarin kwaɗo shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, habaici ga masu mulkin lokacin. A shekarar kuma ya yi fim kan saurayin da ya dawo daga Amurka da akwatin kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka addabi ƙauyensu. Duk uban da ya ga yadda waya ke sauya 'ya'yansa zai gane wannan labari.

Ya jagoranci sashen fim na Jami'ar Yamai, daga baya ya zauna a Tawa. Ya yi Kokowa da 'yan tsana, dabbobi suna kokawa a fage, kuma da girma ya kama shi ya rungumi kwamfuta. Ya rasu a Wagadugu a 2015. Allah Ya jiƙansa.

Iyaye, a unguwanninmu akwai yaran da ake duka saboda sun cika littafin makaranta da zane. Wayar da ke gidajenmu ta fi kayan da Mustapha ya fara da su. Duk mai irin wannan yaro ya sanar da mu, mu haɗa kai mu tambayo masa hanyar shiga makarantar fim ta Jos.

Sakataren Ƙungiya