Inabin Italiya, Dam ɗin Bakolori da Irin Kakanninmu

A shekarun 1970, hannun Italiyawa ya taɓa ƙasa a wurare biyu masu nisa da juna. A arewa maso gabashin ƙasarsu, wasu manoma suna bin tsofaffin gonaki suna neman ragowar wani jan inabi da ya kusa shuɗewa. A nan wurinmu kuwa, tsakanin Maradun da Talata Mafara, kamfanin Impresit, reshen kamfanin Fiat na Italiya, yana datse Gulbin Sakkwato domin gina dam ɗin Bakolori. Labaran biyu sun haɗu a kan abu ɗaya: iri, da abin da ke raya shi ko ya kashe shi.

Mun sani cewa yawancin inabin Italiya giya ake yi da shi, kuma giya haramun ce a wurinmu. A Zamfara ma doka ta hana ta tun da aka fara aiki da Shari'a a watan Janairun 2000, zamanin mulkin Ahmad Sani Yariman Bakura. Don haka kwalba ba ta gabanmu. Abin dubawarmu shi ne itacen, da yadda manomi ya riƙe shi ɗaruruwan shekaru bai bari ya ɓace ba.

Italiya na da nau'o'in inabi fiye da 500 a rajistar gwamnati, kuma kusan kowane yanki da nasa. Sangiovese, wanda ya fi kowanne yawa a gonakinsu, shi ne alfaharin Toskana. Nero d'Avola ya ɗauki sunan garin Avola da ke tsibirin Sisili. Primitivo na Puglia sunansa na nufin mai nuna da wuri. Nebbiolo na Piemonte kuwa sai cikin Oktoba ake tsinkarsa, lokacin da hazo ke rufe tuddai, kuma da yawa na ganin daga kalmar hazo a harshensu ya samo suna. An rubuta sunansa a takardun wani gari kusa da Turin tun ƙarni na 13, kuma Turin ɗin nan ita ce mahaifar Fiat. Wannan salon raɗa suna ba baƙo ba ne gare mu. Mu ma mun bambanta gero mai nuna da wuri da maiwa mai jinkiri, mun san kaura, mun san farafara.

Wannan arziki ya kusa salwanta. Wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera, mai cin saiwar inabi, ya shigo Turai daga Amurka a shekarun 1860. Ya cinye gonakin Faransa, aka gano shi a Italiya a 1879. Maganin da aka samu shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro: a ɗauko reshen inabin gida a ɗora a kan saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Sai dai sake dasa gona na cin kuɗi, don haka manomi ya zaɓi nau'in da ya fi yawan 'ya'ya ko ya fi kasuwa, wasu ma suka koma nau'o'in Faransa irin su Merlot. Ƙananan nau'o'in ƙauye aka bar su a gefen shinge.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Schioppettino na yankin Friuli. Ya ragu har sunansa ya fita daga jerin waɗanda doka ta yarda a dasa. A farkon shekarun 1970 wani manomi, Paolo Rapuzzi, ya bi gonakin yankin Prepotto ya tattara kimanin gindi 70 da suka rage, ya yaɗa su. A 1975 iyalin Nonino suka kafa kyauta ga duk manomin da ya raya irin waɗannan tsofaffin nau'o'i. A 1978 aka halatta dasa shi. Kafin nan, ƙasar ta yi dokar 1963 da ke ɗaure sunan amfani da yankin da aka noma shi, ta kuma buɗe rajistar nau'o'in inabi a 1969. Wato manomi ya nemo, mai hali ya tallafa, hukuma ta rubuta.

A wannan shekara ta 1978 aka kammala dam ɗin Bakolori.

Kafin zuwansa, noman fadamar Gulbin Sakkwato ambaliya ce ke tafiyar da shi. Da damina gulbi ya cika ya malale fadama, ya zube laka. Manomi ya shuka shinkafa a inda ruwa ke daɗewa, dawa a inda ya fi tudu. Ruwa na janyewa a shuka albasa, dankali, rogo da taba a danshin da ya bari, masunta kuma su kama kifi a tafkuna. Cikin shinkafar da fadamun Sakkwato da Rima suka gada akwai jar shinkafar Afirka, wadda masana ke kira Oryza glaberrima. A yankin kogin Kwara aka fara noma ta shekaru dubbai da suka wuce, tun kafin shinkafar Asiya ta iso. Wasu nau'o'inta na tsawo tare da ruwa: ruwa na hawa, kara na miƙewa, kai na sama. Irin wannan shinkafa ambaliya ce abincinta.

A 1969 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar aiki madaidaici a wurin. Abin da gwamnatin soja ta zaɓa da kuɗin man fetur ya fi haka girma nesa ba kusa ba: bango mai tsawon kilomita biyar da rabi, tafki mai cin ruwa kubik mita miliyan 450 wanda ya rufe hekta 8,000, da shirin ban ruwa na hekta 23,000 a ƙasashen Talata Mafara, Bakura da Maradun. Dubban mutane suka tashi daga gidajensu, aka mai da su sabon matsuguni a tudu. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin shirin suka yi damina bayan damina ba su shuka ba, saboda katafila na baje ƙasa, ta tuge itatuwa, ta shafe iyakokin gado.

Diyya ta yi jinkiri, wadda ta zo kuma ba ta gamsar ba. Manoma suka tare hanyoyin aiki. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Wasu rahotanni suka ce sun haura 300. Allah ya jiƙansu.

Akwai wata asarar da ba ta da kabari. A ƙasan dam ambaliya ta ragu, zurfinta da daɗewarta duka. Binciken da William Adams na Jami'ar Kambirij ya yi a farkon shekarun 1980 ya nuna dubban hekta na shinkafa sun koma gero da dawa, noman rani a fadama ya ja baya, kamun kifi ya ragu. Takardar diyya tana ƙidaya gona da gida da itace mai amfani. Ba ta da layin da za a rubuta irin shinkafar da iyali suka yi kaka da kakanni suna zaɓe. Iri kuwa ba tsabar kuɗi ba ne da za a binne a tukunya. In an yi 'yan shekaru ba a shuka shi ba, ya mutu a rumbu.

Gaskiya ce dam ya kawo alheri. Noman rani a Bakolori na ciyar da gidaje masu yawa, kuma aikin TRIMING na Bankin Duniya ya gyara magudanan da suka lalace. Nau'o'in zamani irin su FARO 44 na ba da buhunan da tsohon iri ba ya bayarwa. Amma tsohon iri na da abin da ya ajiye: jure fari, jure ciyawa, jure cuta. Daga jar shinkafar Afirka ne Monty Jones, ɗan Saliyo, ya ɗebo waɗannan halaye ya haɗa da ta Asiya ya fitar da NERICA, aikin da ya ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2004. Da tsohuwar zuma ake magani.

Cibiyoyi irin su IITA da NACGRAB a Ibadan na ajiye da dubban irin shuka a ɗakunan sanyi, kowanne da lambarsa. Abin da ɗakin sanyi ba ya ajiyewa shi ne sanin tsohuwa da tsoho: wane iri ke son laka, wanne ke son jigawa, wanne ke daɗin tuwo, wanne tsuntsu ba ya so. Yau wannan sani na cikin haɗari fiye da na zamanin katafila. Duk ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa, duk rumbun da aka ƙona, akwai damin iri a ciki. Wanda ya yi gudun hijira zuwa Mafara ko Gusau da wuya ya tafi da shi.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Akwai Kwalejin Aikin Gona a Bakura, akwai jami'ar jiha da Kwalejin Abdu Gusau a Talata Mafara, akwai waya mai ɗaukar murya a aljihun kowane ɗalibi. A zauna da dattawa, a rubuta sunan kowane iri da garin da ya fito da halinsa, a karɓi ko da tafi ɗaya ne, a ware masa kunya a gonar makaranta, a shuka shi kowace damina. Gindi 70 ya isa ceto inabin Friuli, domin an neme shi tun masu saninsa na raye. Namu masu sanin ma suna nan tukuna.