Tarihin Cibiyar Ko-ta-kwana: Kwafi Biyu Bai Isa Ba

A ƙarshen shekarun 1970 kamfanoni irin su SunGard na Amurka suka fara ba da hayar ɗakunan kwamfuta na ko-ta-kwana. A wancan lokacin, da daddare ake kwashe bayanai a kan tef, a loda a mota a kai wani wuri, kuma kowa ya yarda cewa mai kwafi biyu ya tsira. Harin 11 ga Satumba 2001 ya nuna cewa ajiyar da ke maƙwabtaka da asalinta tana iya halaka tare da shi, don haka a 2003 hukumomin kuɗi na Amurka suka buƙaci manyan cibiyoyin biyan kuɗi su nisanta wuraren ajiyarsu. Nisan ya zo da nasa ciwon: kwafi kan biyo bayan asali da ɗan jinkiri, kuma mafi munin hatsari yana aukuwa ne a sa'ar da sadarwa ta yanke tsakaninsu.

A ranar 31 ga Janairu 2017 rumbun bayanai na biyu na kamfanin GitLab ya daina karɓar sababbin bayanai saboda yawan lodi. Injiniyan da ke ƙoƙarin gyarawa ya goge kusan gigabait 300 daga babban rumbun, yana zaton na biyun yake sharewa. Da aka koma kan ajiya, sai aka tarar manhajar da ke kwafin yau da kullum ta daina aiki ba wanda ya sani, aka yi asarar bayanan awa shida. A Oktoba 2018 kuma, sadarwar cibiyar kamfanin GitHub ta gabashin Amurka ta yanke na daƙiƙa 43 kacal. Manhaja ta miƙa jagoranci ga cibiyar yamma, kowane ɓangare ya riƙe bayanan da ɗayan bai gani ba. Kamfanin ya ga da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya jure tangarɗar sama da awa 24 maimakon ya zubar da bayanan jama'a.

Wani zai ce a hana babban rumbu tabbatar da kowane rubutu sai na biyun ya amsa. Hakan yana rage asara, amma saƙo tsakanin gaɓar gabas da ta yamma yana cin lokaci, kuma idan layi ya yanke aiki ya tsaya cak. Wani zai ce a bar wa na'ura hukunci tunda ɗan Adam ajizi ne, alhali manhajar GitHub abin da aka tsara mata ta yi. Abin da ya rage shi ne a yanke shawara tun ana zaman lafiya: bayanan minti nawa za a iya rasawa, wa ke da ikon sauya jagoranci, yaya za a toshe tsohon rumbu kada ya ci gaba da rubutu. Sannan a riƙa gwada dawo da ajiya a kai a kai, domin GitLab ba ta gano lalacewar tata ba sai ranar da ta buƙace ta.