Fensir da Ma'aunin Fuskar Ɗan Adam

Mai koyon zanen fuska yakan fara ne da raba ta gida uku: daga haɓa zuwa ƙasan hanci, daga nan zuwa gira, sa'an nan zuwa mafarin gashi. Wannan ƙa'ida ta girmi fensir nesa ba kusa ba. Vitruvius, wani maginin Rum, shi ya rubuta ta tun kafin haihuwar Annabi Isa, kuma wajen 1490 Leonardo da Vinci ya yi aiki da ita a Italiya.

Shi kuwa fensir irin na yau, yaƙi ne ya haife shi. Da Faransa ta rasa baƙin dutsen da ake haƙowa a Borrowdale ta Ingila, sai Conté ya cuɗa garin irin dutsen da yumɓu ya gasa, a 1795. Yawan yumɓu kan sa layi ya koɗe, ƙarancinsa kan sa ya yi duhu.

Bayan faɗuwar Napoleon a 1815, mai zane Ingres ya shiga matsi a birnin Rum, har ya riƙa zana fuskokin matafiya 'yan Ingila da fensir domin ya sami na abinci. Shi kansa ya raina wannan aiki, amma yau manyan gidajen tarihi ne ke adana shi.