Mijin Tace: Yadda Finafinanmu Suka Koya Mana Dariyar Namijin Da Ake Cuta

Duk wanda ya taso a Jere, ko Kagarko, ko Kafanchan a zamanin kaset da gidan kallo, ya san wannan fitowa: maigida ya shigo hannu rabbana babu cefane, uwargida ta ɗauko muciya ko taɓarya, ya zura da gudu har hula ta faɗi, 'yan kallo kuma a kwashe da dariya. Mun kalla mun yi dariya, yaranmu ma suna yi a wayoyinsu. Dariyar nan tana da tarihi, kuma ta girmi Kannywood.

Tun kafin talabijin, al'ada ta riga ta tanadi wurin zama ga namijin da gida ya gagara. A tashen watan azumi akwai tashen gwauro, wanda Nalako ya yi suna da shi a Kano, inda ake kama wanda matarsa ta fita, a yi masa ado na wulaƙanci, a zaga gari da shi ana kiɗa. Harshenmu ma ya ba shi suna: mijin tace. Wanda aka kira da wannan suna ba a jajanta masa, tsokanarsa ake yi.

Da wasan kwaikwayo ya shiga rediyo da littafi, sai ya ɗauki labarin da muhimmanci, amma ta fuska guda. Shu'aibu Maƙarfi, wanda wasanninsa suka fara fita a gidan rediyon Kaduna, ya rubuta Jatau Na Kyallu, aka buga shi a 1960. Jatau attajiri ne mai iyali, ya auro Kyallu duk da gargaɗin da aka yi masa, ta raba shi da matansa, dukiya ta ƙare. Darasin da aka ba mai sauraro shi ne a guji auren macen bariki. Wato laifin na Jatau ne tun farko, shi ya jawo wa kansa. Ku kwatanta da Uwar Gulma na Mohammed Sada, inda miji ne ke gallaza wa matarsa: a can mai karatu yana tare da matar, yana jin zafin abin da ake yi mata. Tun daga lokacin aka raba tausayi gida biyu, mace ta samu, namiji aka bar shi da wa'azi.

Zamanin NTA Kaduna ya ba mu Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi da Karambana na Ƙasimu Yero, waɗanda suka tabbatar da cewa raha ita ce hanyar da ta fi shiga zuciyar Bahaushe. Sai 1990, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, aka buɗe kasuwar fim ɗin bidiyo. Cikin 'yan shekaru kasuwar ta rabu: ga finafinan soyayya masu waƙa da rawa, ga kuma camama, finafinan barkwanci masu araha da ake ɗauka cikin kwanaki kaɗan a ƙauye. Marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, wato Ibro, shi ne sarkin wannan fage har ya rasu a Disamba 2014. Allah Ya jiƙansa, ya sa mu nishaɗi ba kaɗan ba. Amma a camama ne masifaffiyar mace mai muciya ta samu gindin zama, domin fitowa ce da ba ta buƙatar kuɗi ko dogon rubutu, kuma dariyarta tabbas ce.

Finafinan da ba na barkwanci ba suka bi wata hanyar, wadda a ganinmu ta fi yin ɓarna, ita ce ta mallaka. Idan mace tana zagin miji, tana hana shi abinci, ta raba shi da mahaifiyarsa, ta riƙe masa kuɗi, to kamara za ta kai mu wurin boka. An binne laya, ko an zuba masa wani abu a tuwo. A ƙarshen fim malami ya karya asiri, maigida ya farka ya yi saki uku, shi ke nan. Abin da wannan ya dasa a ranmu shi ne namiji mai cikakken hankali ba ya yiwuwa mace ta cuce shi, sai dai in an shanye shi. Don haka idan maƙwabcinmu ya rame, ya daina zama a majalisa, ya riƙa ɓoye tabo a wuya, ba ma tambayarsa lafiya. Rubutun sha muke nema masa. Mutum mai ciwon rai da ke buƙatar wanda zai saurare shi sai ya tashi da sunan wanda aka mallake.

Ita ma doka a da haka ta kalli lamarin. Dokar Penal Code ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, a sashe na 55 ta yi maganar miji ya ladabtar da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Ba ta ma hango cewa hannu na iya tashi daga ɗaya ɓangaren ba.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Mata su ne suka fi shan duka a gidajen aure, nesa ba kusa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka ko makamancinsa tun daga shekara 15. Maganar mazan da ake cuta ba ta rage ko ƙwayar zarra daga wannan ba. Kuma yarinyar da aka yi wa auren dole ta aikata ɗanyen aiki, nata labarin daban ne.

Abin da ya tsayar da dariyar, ko da na ɗan lokaci, ya faru ne nan kusa da mu, a Abuja. A Nuwamba 2017 aka kashe Bilyaminu Bello a gidansa. Ranar 27 ga Janairu 2020 Mai Shari'a Yusuf Halilu na babbar kotun birnin tarayya ya sami matarsa Maryam Sanda da laifi, ya yanke mata hukuncin kisa, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar a ƙarshen shekarar. A shari'ar an ji shaida cewa rikicin ya fara tun kafin sa'ar da abin ya faru, a gaban idon wani. Duk da haka, ba a daɗe ba samari suka mayar da sunan matar abin tsokanar angwaye a Facebook. Hali zanen dutse.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A 2014 ƙungiyar ManKind Initiative ta Ingila ta sa 'yan wasa biyu su yi faɗa a bainar jama'a a Landan, ana ɗauka a ɓoye. Da namijin ya ci kwalar macen, mutane suka taso masa. Da macen ta shaƙe shi, wasu murmushi suka yi. Bambancin shi ne masu shirya finafinansu sun gwada ɗaukar batun ba da wasa ba: fim ɗin talabijin na Amurka mai suna Men Don't Tell ya fito a 1993, sannan shirin Coronation Street na Ingila ya shafe watanni a 2012 da 2013 yana bin wani makanike, Tyrone, da budurwarsa Kirsty ke duka yana ɓoyewa don kunya. Babu boka a labarin.

Yanzu muna da abin da magabata ba su samu ba. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa sun nuna cewa mai kallo zai iya bin gida guda na tsawon shekaru, kuma irin wannan fili ne labarin mijin da ake ci wa mutunci a hankali yake buƙata, domin ba a minti biyar na guje-guje yake faruwa ba. Doka ma ta motsa. Gwamnatin tarayya ta sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, VAPP, a 2015, Jihar Kaduna ta yi tata a 2018. Kalmar da dokar ta yi amfani da ita ita ce abokin zaman aure, ba ta ce miji ko mata ba, kuma ta haɗa da cutarwa ta baki da ta dukiya. Magidanci a Jere da aka fasa wa kai yana da damar kai ƙara daidai da wadda matarsa ke da ita, ko da kuwa ɗan sandan da ke kan kanta ya taso ne da kallon camama kamar mu.