Gigin Tsufa Tsakanin Hoto da Gawa

Tun zamanin da Illo take zangon fatake a bakin Kwara, mutanen ƙasar Bagudo, daga Ka'oje har Lolo da Tsamiya inda iyakar Binin ta ratsa dangi, sun san dattijon da tafiyarsa ke gajarta, hankalinsa ke raurawa, har ya manta raka'ar da yake ciki. Sai a ce gigin tsufa ne, a yi masa uzuri, malamai kuwa su yi hukuncin cewa an ɗauke masa alƙalami. Amma abin da ke faruwa cikin kwanyarsa, wannan ya daɗe a gaibu.

Likitoci a Jamus sun buɗe ƙofar, ta hanyar gawa. A 1894 Otto Binswanger ya bayyana tsofaffin da farin sashen ƙwaƙwalwarsu ya shanye, wato farin nan na ciki da kowane mahauci ya sani. A 1902 kuma Alois Alzheimer ya duba irin wannan nama a madubin likita, ya jingina illar ga ƙananan jijiyoyin jini da suka ƙeƙashe. Bayan an fara ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mai rai a Landan a 1971, sannan na'urar maganaɗisu ta biyo baya, sai aka shiga wata shubuha, domin tabo a farin sashen yana bayyana har a kan tsofaffi masu cikakken hankali. Franz Fazekas da abokansa a Ostiriya, a 1993, suka gwama hoton da naman mamaci, suka tarar ƙananan ɗigo galibi ba su da babbar illa, alhali tabon da ya haɗe ya yaɗu shaida ce ta ƙarancin jinin da ke isa wurin, wanda hawan jini ke kan gaba cikin sabubbansa.

A nan ne zuciyata take sosuwa. Ɗan Bagudo mai hali yana iya kai mahaifinsa asibitin koyarwa na Sakkwato a ɗauki hoto, amma ma'aunin da za a fassara hoton da shi daga gawarwakin Turawa aka ciro shi, tunda mu muna gaggauta suturta mamatanmu bisa sunna, ba ma yarda a tsaga su. A Ibadan an kafa ma'ajiyar ƙwaƙwalwar mamata domin bincike. Mu kuwa a ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ya yi talifi a kan maslahar addini da ta jiki tare, mas'alar tana jiran fuƙaha'u da likitoci su zauna a kanta.