Tarihin Injin Gahawa: Daga Tururi Zuwa Famfo

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Tudun Wada, ko a Kwanar Ɗangora, ya san yadda ake haɗa gahawa a wurinmu: cokali ɗaya na Nescafé, a tsiyaya ruwan zafi, a zuba madara, shi ke nan. Wannan gari an riga an dafa shi an busar tun a masana'anta, narkewa kurum yake yi. Amma gahawa ta ainihi ƙwaya ce da ake soyawa a niƙa, ba ta narkewa, sai ruwa ya ratsa ta ya kwaso daɗinta. Sunan ma aro ne daga Larabci, itacen kuwa asalinsa ƙasar Habasha.

To, mutanen Italiya su ne suka ce ba za su iya jiran ruwa ya tsatsafo a hankali ba. A 1884 Angelo Moriondo na birnin Turin ya yi rajistar wani inji mai tura ruwa da ƙarfin tururi, a 1901 kuma Luigi Bezzera na Milan ya gyara shi yadda zai riƙa fitar da kofi ɗai-ɗai. Sai dai akwai cikas. Tururi ba ya yin ƙarfi sai ruwa ya wuce digiri 100, alhali gahawa ba ta son zafin da ya wuce kamar digiri 95. Saboda haka aka samu sauri, amma abin sha ya fito da ɗaci da ƙauri.

A ganina gwanin wannan tarihi shi ne Achille Gaggia, domin shi ya raba aikin zafi da aikin turi. A injinsa na 1948 wuta ɗumama ruwa kawai take yi. Mutum ne zai ja wani dogon hannu, kamar mai buga tuƙa-tuƙa, ya danne wani ƙaƙƙarfan sifirin, idan ya saki sai sifirin ya ingiza ruwan. A 1961 kamfanin Faema ya ɗora wannan aiki a kan famfon lantarki.

Injin gida na yanzu jikan waɗannan ne. A cikinsa akwai 'yar randar ruwa, sai ƙaramin famfo, watau sandar ƙarfe a cikin naɗin waya: maganaɗisu ya ja ta, sifirin ya mayar da ita, sau 50 a sakan guda. Gunjin da ake ji ke nan. Ruwan ya bi ta ƙarfe mai zafi, wanda ke da makunni mai kashe kansa in zafi ya isa, sannan ya sauko kan garin da aka danƙare a wani ɗan kwando mai ƙananan huji.

Ƙarfin turin ya kai nauyin iskar duniya sau 9, kwatankwacin ruwa mai zurfin mita 90. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 tsayinta bai kai mita 50 ba, watau ko a gindinta ruwa ba ya danna haka!

Abin mamaki, famfo shi kaɗai ba ya tara wannan ƙarfi, sai garin ya tare masa hanya. In niƙan ya yi tsaki-tsaki, ruwa zai wuce salamun-salamun, a sha tsararo. In ya yi laushi ainun, sai ya toshe, ya riƙa ɗiga da ƙyar. Wanda ya dace shi ne ya cika ɗan ƙaramin kofi cikin sakan 25 zuwa 30, da kumfa ja-ja a samansa.