BABI NA UKU: TARIHI DA ƘIRAR ƘARAMAR BINDIGA P38

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren ƙananan bindigogin soja. A wannan babi kuwa za a dubi ɗaya daga cikinsu, wato Walther P38, wadda sojojin Jamus suka riƙe a Yaƙin Duniya na Biyu (1939-1945). Manufa ita ce a nuna cewa buƙatar yaƙi ce ta tsara ƙirar wannan bindiga, ba gwanintar maƙera kaɗai ba.

3.1 Asalinta

Tun shekarar 1908 rundunar sojan ƙasa ta Jamus take amfani da bindigar Luger P08. Bindiga ce mai kyan saiti, sai dai tana da illa biyu. Ta farko, sai gwani ya zauna ya daidaita sassanta da hannu, saboda haka tana cin kuɗi da lokaci. Ta biyu, ƙura da taɓo sukan sa ta cije. Da gwamnatin Hitila ta shiga tara makamai, sai aka nemi wadda za ta gaje ta.

Kamfanin Carl Walther na garin Zella-Mehlis ya fara gabatar da wani samfuri wanda 'yar gudumar da ke bugun harsashi take a ɓoye. Hafsoshi suka ƙi shi, domin suna so soja ya gani da idonsa ko bindigarsa a ɗane take. Bayan an fito da gudumar waje, aka amince da ita a 1938. Daga nan ne ta samo sunan P38.

3.2 Ƙirarta

Tsawonta milimita 216 ne, bututunta kuma milimita 125. Tana ɗaukar harsashi 8 mai kaurin milimita 9, irin na Luger. Idan aka harba ta, ƙarfin harbin ne yake tura murfin sama baya, ya tofar da kwanso, sannan sifirin guda biyu su mayar da shi gaba, ya ɗura wani harsashin. Ke nan duk jan kunama ɗaya, harbi ɗaya.

Abubuwa uku ne suka bambanta ta. Na farko, soja zai iya rataya ta da harsashi a ciki ba tare da ya ɗana ba. Jan kunama kaɗai ya isa ya ɗaga gudumar, ya sake ta. Na biyu, akwai wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin bututu da yake kulle shi da murfin, har sai harsashi ya fita. Na uku, wani ɗan tsinke yakan leƙo ta baya idan akwai harsashi a ciki, yadda ko cikin duhu za a iya lalubawa a ji.

3.3 Ƙera ta a Lokacin Yaƙi

Walther bai iya biyan buƙatar sojoji shi kaɗai ba, don haka a 1942 aka shigo da kamfanonin Mauser da Spreewerk. Domin ɓoye wa abokan gaba inda ake ƙera ta, sai aka riƙa buga haruffan "ac" da "byf" da "cyq" a maimakon sunayen kamfanonin. Kafin yaƙi ya ƙare an ƙera fiye da miliyan ɗaya. Bai kamata a manta ba cewa masana'antun makaman Jamus sun dogara da aikin tilas. Shi kansa Walther ya yi amfani da fursunonin sansanin Neuengamme, kusa da Hamburg.

3.4 Bayan Yaƙi

Da Zella-Mehlis ta faɗa ɓangaren Tarayyar Sobiyet, sai kamfanin ya sake kafuwa a garin Ulm. A 1957 ya ci gaba da ƙera ta don sojojin Jamus ta Yamma, da gangar jiki ta alminiyam, daga bisani aka sa mata suna P1. Haka kuma, irin makullin bututunta ne aka yi wa Beretta 92, wadda sojojin Amurka suka ɗauka a 1985.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa P38 ba ta gaji Luger don ta fi ta kyan saiti ba. Ta gaje ta ne domin ta fi sauƙin ƙerawa, ta fi jure datti, ta kuma fi aminci a kwankwason soja. Babi na gaba zai kwatanta ta da takwarorinta na rundunonin Ƙawance.